Zancen Akawu: Tsohuwar Mota Da Hanyar Daji

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda daga Babura, ya ce an yi masa tallan wata tsohuwar Land Rover, yana so ya saya domin shiga ƙauyuka, amma 'yan gareji sun ce lalle sai ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi da ƙarafa a gaba. Ya ce tun da ya ji ina da irinta, in gaya masa gaskiya. To, Malam, ga amsa. Na sa ta a jarida ne don na san ba kai kaɗai ke wannan shawara ba.

Da farko ya kamata mu san asalin motar. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da ita cikin 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kwaikwayi jif ta sojan Amurka. A lokacin nan baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai suka yi jikinta da alminiyam, shi ya sa har yau za ka ga jikin bai yi tsatsa ba. Amma fa kada wannan ya ruɗe ka, gama shasin da ke ƙarƙashi baƙin ƙarfe ne, can ne ciwon ya ke ɓuya. Samfurin da a ke kira Series III an yi shi daga 1971 zuwa 1985. Tawa ta 1978 ce, gajeruwa, mai inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, watau ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ƙasarmu kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya bi kwalta daga Kano zuwa Daura ya ratsa Kazaure ba zai san abin da mu ke sha ba. Kadan ka saki kwalta ka nufi ƙauyukan Roni da Gwiwa, duwatsu ne da tsakuwa da kwazazzabai waɗanda ruwa kan sāke wa kama kowace damina. Ta wajenku Babura kuma rairayi ne mai haɗiye taya. Dutse yana son taya mai tauri, rairayi yana son mota mara nauyi.

Ni ban san wannan ba sai da na sha wuya. Sa'ad da na sayi tawa, kwaɗayin a ce da ni mai babbar mota ya kama ni. Na sa mata tayoyi faffaɗa masu tsawo, na sa mai walda ya ƙera mini wani ƙaton ƙarfe a gaba, da wani a kan rufi na ɗaukar kaya. Wani tsohon bakanike, wanda ya yi aikin irin motocin nan tun yana saurayi, ya kewaya ta ya ce, "Malam Akawu, ka ɗora wa jaki sirdin raƙumi." Na ce, "Baba, zamani ne ya sāke." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ran nan cikin watan Agusta, ina kwana a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa saboda aikin ofis, aka buga mini ƙofa da tsakar dare, wai matar mai masaukina tana naƙuda tun la'asar, abin ya gagari ungozoma. Muka sa ta a mota tare da uwarta da mijin, muka nufi babban asibitin Kazaure. Muna hawan gangaren wani rafi, ƙafar baya ta yi ta juyawa cikin laka, sa'an nan ta kama dutse gaba ɗaya, sai na ji ƙas! Sandar ƙarfen nan da ke juya ƙafar baya, wadda makanikai ke kira shaf, ta karye. An yi ta ne daidai da ƙaramar taya, ni kuwa na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Abin da ya cece mu shi ne yadda masu ita suka tsara ta: ko shaf na baya ya karye, ƙafafun gaba suna iya jan motar su kaɗai. Da su muka rarrafa har kwalta, muka isa da asuba. Allah ya sauke ta lafiya, amma ban manta da idon mijin nan ba sa'ad da ya ji ƙarar.

Da na koma wurin Baba, sai da ya sa na kwance duk abin da na ɗaura da hannuna. Ga abin da ya bar mini. Taya lamba 7.50 mai bakin inci 16, irin wadda a ke sa wa doguwar Land Rover, ta isa ta ɗaga cikin motar daga dutse ba tare da ta cuci shaf ba. Sabon sifirin, da sabon lagireto saboda zafin bazara, da tanki na biyu a ƙarƙashin ɗaya kujerar, gama na ainihi galan 10 kaɗai ya ke ci. Sa'an nan shebur, da jak mai kyau, da katako biyu, da famfon iska, da shaf ɗaya na ajiya wanda na samo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kaya masu nauyi su zauna a ciki, kada su hau rufi, don mota mai nauyi a ka tana saurin kifewa a gangare.

Kai da ke cikin rairayi, babban maganinka ba na kuɗi ba ne. Ka rage iskar tayoyi kamar rabi kafin ka shiga, ka danna ƙulun nan rawaya tun ba ka kafe ba domin ƙafa huɗu su ja tare. In wuri ya yi tsanani, ka tsaya ka jawo jan sandan baya, shi ne giyar taimako. Da ka hau kwalta ka mayar da iska, ka fid da ita daga ƙafa huɗu, in ba haka ba za ka ɓata giya.

Batun mai fa, kada in ɓoye maka. Galan ɗaya da ƙyar ya ke kai ta mil 20, tun kuwa da aka janye tallafin fetur cikin watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, albashin akawu ko na malami ba ya ɗaukar yawon banza da ita. Waɗansu suna cire injin su sa na gas daga motar Japan. Yana rage shan mai, amma in injin ya fi ƙarfin giya da shaf, ka koma gidan jiya. Ni na bar nata, domin kowane bakanike na ƙauye yana iya buɗe kafiretonta a gindin bishiya.

Wani abu kuma da ke ba ni kunya: abin da mu masu mota ke kira daji, gonar wani ce. Na taɓa kauce wa taɓo na bi ta cikin gero a ƙasar Roni, mai gonar bai zage ni ba, ya tsaya dai yana duban karan da na kwantar, sai da na gwammace ya zage ni. Tun daga ranar, in hanya ta ƙi, sai in juya.

Saboda haka, Malam, kada ka ba da ko kwabo tukuna. Ka roƙi mai motar ya kawo ta Kazaure ran Asabar, mu shiga ƙarƙashinta da guduma, ni da kai da Baba, mu bubbuga shasin tun daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke kamawa. Kadan guduma ta shige, ka biya shi kuɗin mansa, ku yi sallama.

Ni ne naku,
Akawu, Kazaure.