Man Fetur Da Hamada: Ina Bambancin 'Yan Takarar 2023?

Duk saurayin da ya yi ta sa-in-sa a majalisa kan wane ya fi wane a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, ya kamata ya koma ya duba abin da 'yan takarar suka faɗa da bakinsu a kan mai da muhalli.

A kan tallafin man fetur dai bakinsu ɗaya. Atiku Abubakar na PDP ya yi alkawarin cire shi, ya kuma miƙa matatun mai ga 'yan kasuwa. Peter Obi na Labour ya kira tallafin sata ce da aka tsara, ya ce zai soke. Bola Tinubu na APC ya ce komai zanga-zangar da za a yi, sai ya cire. Wannan kuwa ita ce shawarar da Bankin Duniya da IMF suka daɗe suna bayarwa. Ran 29 ga Mayu, 2023, a wajen rantsuwa, Tinubu ya zartar. Litar da ake saya kusan Naira 190 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Ɗan acaɓa da mai injin niƙa su suka ji a jikinsu.

Batun muhalli ya fi ban takaici. A 2022, ana tsakiyar kamfe, ambaliya ta kashe mutane sama da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, daga Jigawa har Bayelsa. Obi ya dakatar da kamfe ya je jaje, Atiku ma ya leƙa Bayelsa. To amma jaje ba ya tare ruwa. Shi kuwa Tinubu, a Kaduna cikin Oktoba, cewa ya yi in Turawan Yamma ba su kawo kuɗi ba, Nijeriya ba za ta bi ƙa'idojinsu na sauyin yanayi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don hayaƙin masana'antunsu ne ya ɓata sararin. Sai dai rairayin da ke cinye gonaki a Yusufari da Machina ba ya jiran dalar kowa.

Kuma maganganun biyu a ɗaure suke. Da kananzir da gas suka gagari talaka, uwar gida ta koma ga itace da gawayi, gatari ya shiga daji. Ba ɗan takara ɗaya da aka ji ya sa wannan a gaban kamfe ɗinsa, balle ya faɗi da me za a dafa tuwo bayan an cire tallafin.