Ɗari ya sauko: me ke hana motar gazwal ɗumi da wuri?

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, akwai wata 'yar gardama da takan tashi cikin motoci da asubahin fari. Mai mota, ko alhaji ne mai zuwa cin kasuwa Ƙwanni, ko babban ma'aikaci da aka tura aiki Tawa, ya shiga ya ƙudundune cikin mayafi, ya umurci direba ya kunna abin ɗumama ciki, wanda masu garaji ke kira shofaj. Direba ya murɗa, iska ta fito, amma sanyi ƙalau kamar daga bakin randa. A yi minti 5, a yi 10, shiru. Daga nan sai zargi ya biyo baya: ko direba ne bai iya ba, ko makaniki ya taɓa wani abu, ko dillalin da ya kawo motar ya yi ha'inci. Sau da yawa kuwa babu mai laifi cikin su ukun. Motar gazwal ce, kuma haka ƙirarta take.

Wani zai yi dariya ya ce ina ruwan Nijar da shofaj, ƙasar da zafi ke haura digiri 45 a watan Afrilu. Mai wannan magana bai taɓa barin Damagaram ƙarfe 4 na asuba cikin Janairu ba. A Maraɗi da Damagaram awon sanyi kan sauko wajen digiri 12 zuwa 15 kafin hudowar rana, a Agadas ya fi haka sauka, a Bilma da kan duwatsun Ayar kuwa har ƙasa da sifiri an gani, inda ruwa kan kwana cikin kwano ya wayi gari da ƙanƙara. Direban da yatsunsa suka sandare a kan sitiyari tsakanin Abalak da Agadas ba zancen jin daɗi yake ba, zancen tuƙi lafiya ne.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, shofaj ba shi da wutar kansa. Rarar zafin inji yake ci. Ruwan da ke zagaya inji don ya sanyaya shi, ana karkato wani sashe nasa ta tiyo biyu zuwa wani ɗan ƙaramin radiyata da ke ɓoye bayan allon gaban direba. Fanka ta hura iska ta ratsa wannan radiyata, iskar ta ɗauki zafi ta shigo wa mutane. In ruwan bai yi zafi ba, ko an ƙure fanka har ƙarshe, sanyi kawai za ta hura. Don haka tambayar gaskiya ita ce: me ya sa ruwan injin gazwal ke jinkirin zafi fiye da na injin isansi?

Amsar tana cikin abin da ya sa 'yan kasuwa ke son gazwal tun farko, wato tsimin mai. Injin isansi, cikin ƙarfin da ke cikin man da ya sha, abin da yake mayarwa tafiya bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Saura duk zafi ne da ke bin bututun hayaƙi da ruwan inji. Injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a garin Augsburg a 1897 wata hanya ya bi: yana matse iska zalla cikin silinda ninki 16 zuwa 22, har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai ya kama da kansa ba tare da tartsatsi ba. Da wannan dabara yakan mayar da wajen kashi 40 cikin 100 tafiya. Abin da ya ƙaru ga ƙafafun mota, shi ne ya ragu ga ruwa. Wanda ya sayi motar don ba ta ɓarnar mai, bai kamata ya yi mamaki ba in ya tarar ba ta da ɓarnar zafin da zai ji ɗumi da ita.

Akwai kuma nauyin jiki. Saboda tsananin matsin nan, injin gazwal kan zo da kaurin ƙarfe, da man inji mai yawa, da ruwa mai yawa. Injin 1HZ mai silinda 6 da lita 4,2, wanda Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1990, kuma ya cika garajin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji, yana ɗaukar ruwa wajen lita 10, alhali ƙaramar motar isansi 5 ko 6 sun ishe ta. Kowa ya san butar shayi tana tafasa tun tukunyar gidan biki ba ta fara ɗumi ba, balle in wutar da ke ƙarƙashin tukunyar ita ce ƙarama.

Nan ne kuma wata al'ada da ta zauna daram a gidajen manya take neman gyara. Direba ya zo tun ƙarfe 6, ya tayar da mota, ya bar ta tana gunji a ƙofar gida rabin awa, wai tana ɗumama, shi kuwa yana shan shayi da mai gadi. Ga injin gazwal wannan kusan aikin banza ne. In yana tsaye ba kaya, iska yake zuƙa cike da ciki, man da yake ƙonawa kuwa ɗan ƙanƙane ne, a ƙaramar mota bai kai lita 1 a awa ba. Iskar sanyin da ke ratsa shi tana kwashe mafi yawan ɗan zafin ta fice da shi ta baya. In kuma an kunna fankar shofaj da ƙarfi a lokacin, ɗan abin da ya taru cikin ruwa ma an ɗebe. Ana iya yin minti 30 allurar zafi ba ta motsa daga inda ta kwana ba. Abin da aka samu kawai shi ne hayaƙi ga maƙwabta, da baƙin toka da ke taruwa cikin inji, da man gwamnati ko na alhaji da ya tafi ba a je ko'ina ba. Abin da injin ke so shi ne aiki: a jira fitilar buji ta mutu, a tayar, a ba mai minti 1 ko 2 ya zagaya, a kama hanya a hankali ba tare da taka wuta sosai ba, a bar shofaj a kashe ko a mataki na farko har allura ta fara ɗagawa. Bayan kilomita 5 zuwa 10 ɗumi zai zo. Ma'aikacin da ke tasowa daga Harobanda ya ƙetare gadar Kennedy zuwa ofishinsa a Plateau, shi kam sai ya haƙura da rigar sanyi, don zai iso kafin motar ta ɗumama.

Af, waccan fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya da ke kamawa kafin a tayar da mota, mutane da dama na ɗauka tana da dangantaka da shofaj, saboda sunayensu sun yi kama da faransanci. Ba su haɗa komai ba. Bujin nan cikin silinda suke ɗumamawa don mai ya kama da sanyin safiya.

Sabbin motoci sun fi tsoffi wannan hali. Tsohuwar Peugeot 504 ko 505 ta gazwal, da man ke fara kamawa cikin wani ɗan ɗaki a kan inji, tana zubar da zafi mai yawa cikin ruwa. Da aka koma fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin TDI da Audi ta fito da shi a 1989, da HDi na Peugeot a 1998, tsimi ya ƙaru, ɗumi ya ƙara nisa. Masu ƙera motoci a Turai, inda ƙanƙara ke rufe gilashi wata da watanni, dole suka nemi dabara. Wasu suka sa buji cikin hanyar ruwa suna dafa shi da lantarki, wasu suka sa garwashin lantarki a gaban fanka mai jan wajen kilowat 1, wasu kuma suka ɗora wani ɗan murhu mai shan gazwal, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer. Motocin hannu da ke shigowa daga Turai, waɗanda har zuwa 2023 mafi yawansu ta tashar Kwatanu da gadar Gaya suke biyowa, da yawa suna ɗauke da waɗannan kaya. Wanda ya ga ɗan hayaƙi na fita ta ƙarƙashin motarsa da sanyin safiya, tare da wata ƙara kamar ta ƙaramin jirgi, kada ya firgita kafin a duba: mai yiwuwa murhun ne ya ji sanyin da aka yi shi dominsa.

Duk wannan jinkiri ne na halitta. Akwai wanda hannun mutum ke jawowa, kuma shi ne mai cin dukiya.

Tsakanin inji da babban radiyata akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi cikin tafin hannu ba, ana ce masa kalorsta ko tarmosta. Mai tsaron ƙofa ne. In inji na da sanyi, yana rufe hanya don ruwa ya yi ta zagayawa a ciki har ya yi zafi. In zafin ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ya buɗe ruwa ya tafi radiyata ya huce. To, a garaji da yawa, daga Yamai har Damagaram, abu na farko da ake yi wa motar da ta iso daga Turai shi ne a cire wannan ƙarfe a jefar, da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne, a nan sa mota zafi yake. Makanikin da ya yi haka ba mugunta ya nufa ba. Ya taɓa ganin kalorsta da ya maƙale a rufe ya dafa inji, sai ya yanke hukunci a kan dangin duka. Amma motar da ba ta da shi, ruwanta na ratsa babban radiyata tun daga daƙiƙar farko. Cikin Janairu, a kan hanyar Dogon Dutsi da gudun kilomita 90, iskar hunturu na dukan radiyata, injin na iya yin awa guda bai kai zafin aikinsa ba. Shofaj ba zai ba da komai ba, wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙantar asarar. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, ba ya ƙona shi sarai, ragowar na gangarawa ta tsinka man inji, zobban fistan da bangon silinda su yi ta cin juna. A motocin da kwamfuta ke sarrafawa, musamman masu matatar toka a bututun hayaƙi, wadda Peugeot 607 ta fara zuwa da ita a 2000, kwamfutar ba ta fara ƙone tokar sai ta ga inji ya yi zafi. In bai yi ba, matata ta toshe, mota ta rasa ƙarfi, a koma garaji a sake yanke wani abin. Har ma akwai injunan da kalorsta ke rufe wata gajeriyar hanya ta ciki in ya buɗe babbar. A cire shi, ruwa ya riƙa bin gajeriyar yana ƙin radiyata, sai motar ta yi zafin da aka ce ana gudu. An gudu ba a tsira ba. Kuɗin sabon kalorsta galibi bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, na sauke inji kuwa mai kanti ya san wata nawa zai yi yana tara shi.

Ƙaramin radiyatan ciki shi ma bai tsira ba. Ruwan rijiya da na pampo da ake ɗura wa motoci maimakon ruwan kanti mai launi suna barin tsatsa da farin dutse, kuma hanyoyin ƙaramin sun fi na babban ƙunci, su ke fara toshewa. In ya fara yoyo, sai makaniki ya haɗa tiyo biyun baki da baki ya ce an huta. A nan ma akwai abin da ake yarwa ba a sani ba: ranar da allura ta nufi ja a watan Afrilu, tsakanin gari da gari, buɗe shofaj har ƙarshe tare da sauke gilasai kan rage wa inji zafi har a kai inda akwai ruwa da inuwa.

Mai mota na iya rarrabe lafiya da cuta ba tare da ya buɗe jakar kayan aiki ba. In an yi kilomita 15 zuwa 20 a kan kwalta allura ba ta kai tsakiya ba, ko tana hawa a cikin gari tana sauka a kan babbar hanya, kalorsta ya maƙale a buɗe ko babu shi sam. In allura na tsakiya amma iska na fitowa da sanyi, a tsaya, a kashe inji, a taɓa tiyo biyun da ke shiga ciki da hattara: ɗaya da zafi ɗaya da sanyi alamar toshewa ce, duka biyun da sanyi kuwa ko ruwa ya ragu ko iska ta shiga hanya. Wari mai zaƙi-zaƙi, da maiƙo a gilashin gaba, da jiƙaƙƙen daɓe wajen ƙafar fasinja, yoyo ne. Murfin radiyata kuwa ba a buɗe shi sai inji ya huce, ƙunar ruwansa ta nakasa 'yan koyo da yawa.

Direbobin kamyo na da tasu dabara, su toshe rabin gaban radiyata da kwali. Tana aiki da asuba. Sai dai hunturun ƙasar nan fuska biyu gare shi: wanda ya tashi da digiri 10 zai tarar da 30 kafin azahar, kuma kwalin da aka manta ya isa ya ƙona kan inji.

Dabarar da ba ta da wani uzuri ita ce ta shigar da kaskon gawayi cikin mota a rufe gilasai, kamar yadda wasu direbobi da yaran mota kan yi in dare ya same su a tasha ko a bakin dwan suna jiran takardu. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ta farko ciwon kai ne da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Kwana cikin mota da inji a kunne, gilasai a rufe, shi ma yana da irin wannan haɗari in bututun hayaƙi ya huje a ƙarƙashi. Wanda aka tarar a irin wannan hali, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi likita ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.