A Horar da Malaman Ɗakin Magani Su Yi Aiki Tare da Ungozoma da Likita

'Yar'uwa mai juna biyu, ranar awo kina ganin mutum uku: ungozoma ta auna ki, likita ya rubuta magani, mai harhaɗa magunguna ya miƙo miki ta taga. In waɗannan ukun ba sa magana da juna, ke da abin da ke cikinki ne za ku cutu.

A Najeriya, duk wanda ya gama karatun harhaɗa magunguna sai ya yi shekara ɗaya yana sanin makamar aiki a hannun wani babba. Abin da ya ga malaminsa na yi, shi zai ɗauka. In malamin bai saba fita daga bayan taga ba, haka ɗalibin zai tashi. Shi ya sa nake ganin su malaman ne ya kamata a fara horarwa: su riƙa shiga zagayen duba marasa lafiya, su zauna da mu a ɗakin awo, ɗalibansu na biye da su. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a riƙa koyar da ma'aikatan lafiya tare.

Ga amfanin hakan gare ki. Fansidar da ake ba ki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, daga sati 13 ake farawa, da tazarar wata guda, aƙalla sau uku. Amma ba a ba mace mai shan Septrin kullum, kuma folik asid mai miligiram 5 yana rage masa ƙarfi. Ungozoma ce ta san watannin cikinki, likita ya san cutar da kike da ita, shi kuwa mai harhaɗa magunguna ya san waɗanda ba sa haɗuwa. Haka allurar oksitosin da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa: zafi na lalata ta, sai an ajiye ta a firji. In ɗakin magani da ɗakin haihuwa ba su fahimci juna ba, sai a yi miki allurar da ta riga ta mutu.

Wasu za su ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ina lokacin zama tare? Gaskiya ne. Sai dai ɗan lokacin da za a ɗauka a tattauna a kan katinki bai kai kwanakin da za ki yi a gadon asibiti ba in an yi kuskure.

Ke ma kina da naki aikin. Ki zo da katin awo da duk maganin da kike sha, har na gargajiya da wanda aka sayo a kemis. Ki tambayi sunan kowane magani da lokacin shansa. Kada ki kora maganin ƙarin jini da shayi, domin yana hana jiki ɗaukarsa sosai. In bayanin ma'aikata biyu ya saɓa, ki nemi su tuntuɓi juna kafin ki tafi gida. Maigida, kai ma ka taya ta tambaya.

Allah ya raba lafiya.