Jirgin nutso haɗin gida: a fara tura shi ruwa ba kowa a ciki

Duk mai waya ya san alamar IP68. A yawancin wayoyi ma'anarta ita ce wayar za ta jure zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30, kuma duk da haka kamfanoni ba sa biyan diyya idan ruwa ya shiga. Wannan aikin manyan injiniyoyi ne a kan ɗan abin da ke shiga aljihu. To ina ga wanda ya haɗa jirgin ƙarƙashin ruwa a bayan gidansa, ya shiga ciki, ya ja murfi?

Akwai masu yi, musamman a China. A 2009 Tao Xiangli ya gwada nasa a wani tafki kusa da Beijing, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana haɗa shi da tsofaffin gangunan mai. A 2025 bidiyon Zhang Shengwu, manomi ɗan shekara 60 daga lardin Anhui, ya karaɗe intanet da jirginsa mai ɗaukar mutum biyu, wanda aka ruwaito yana nutsawa mita 8. Na farkon da ya ƙera yoyo ya yi, ya koma ya sake. Waɗannan mutane sun cancanci jinjina, kuma bai dace a yi musu dariya ba. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne lissafin da ke tsakanin mutum da mutuwa.

Nutsewa ba ita ce wahala ba, ko dutse ma yana yi. Ana buɗe tankuna ruwa ya shiga, jirgi ya yi ƙasa, sannan a hura iska mai matsi ta kore ruwan, ya taso. Matsalar ita ce matsin ruwa. Kowace mita 10 tana ƙara kusan kilo ɗaya a kan kowace murabba'in santimita. Murfi mai faɗin santimita 50, a zurfin mita 10 kacal, yana ɗauke da nauyin kusan tan biyu, ba mai ƙarfin da zai ture shi daga ciki. Ganga kuwa an yi ta ne don ta riƙe mai daga ciki, ba don ta jure matsi daga waje ba. Sai kuma numfashi: tun kafin iskar oksijin ta ƙare, iskar kabon da mutum ke fitarwa tana taruwa, kai ya yi ciwo, tunani ya rikice, daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Kuɗi ma ba sa maganin ganganci. Ranar 18 ga Yunin 2023 jirgin Titan na kamfanin OceanGate ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa tarkacen Titanic, mai zurfin kusan mita 3,800, mutum biyar suka mutu, har da shugaban kamfanin, Stockton Rush. Soshiyal midiya ta yi ca a kan hannun gem na Logitech da ake tuƙa shi da shi, alhali rundunar ruwan Amurka ma tana amfani da hannun Xbox wajen juya kyamarar hangen wasu jiragenta. Laifin yana jikin jirgin, wanda aka yi da zaren kabon kuma ba a kai shi wata hukuma mai zaman kanta ta tantance ba. Ma'aikacin da ya yi ƙorafi a 2018, David Lochridge, korarsa aka yi.

Saboda haka matashin da abin ya burge, hanya mafi hankali ita ce ya fara da ƙaramin jirgi marar matuƙi: bututun PVC, ƴan injina, batir, kyamara, da igiyar da ke kawo hoto zuwa waya. A nan zai koyi toshe yoyo da daidaita nauyi, kuma idan ya lalace asarar kuɗi ce kawai. Idan har ya kai ga na shiga, to masu bin tsarin George Kittredge, tsohon kyaftin ɗin sojan ruwan Amurka da ya sayar da zanen K-250 mai zuwa ƙafa 250, ƙarfe mai kauri suke amfani da shi, da nauyin da ake saki daga ciki idan komai ya tsaya. Kuma sukan ɗaura wa jirgin igiya su saukar da shi fanko, ya zarce zurfin da za a yi aiki a kai, kafin kowa ya sa ƙafa.