Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

'Yar'uwa, a Utai da sauran garuruwan ƙasar Wudil, ƙaramin ciki sirri ne. Mace za ta yi ɓatan wata ta ja bakinta, ko don kunyar ɗan fari, ko don tsoron kambun baka, har sai cikin ya tona kansa. Ba na jayayya da kunya, domin ado ce. Amma a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, roƙona guda ne: ki ɓoye wa kowa, ban da wanda zai ba ki magani.

Ga dalili. Bayan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, yakan ɗauki kimanin mako guda kafin ya manne a mahaifa. A mako na huɗu zuciya takan fara bugawa. Zuwa kwana 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe, wato makonni biyu kacal bayan ranar da kika sa ran ganin al'ada. Kina cikin wasi-wasi, gini ya riga ya yi nisa.

A daidai wannan lokaci ne laulayi yake zuwa da kamannin zazzaɓi: kasala, jiri, tashin zuciya. Sai maigida ya tafi kemis, ko ya dawo daga kasuwar Juma'a da ƙullin ƙwayoyi marasa kwali. Wata kuma ta sha jiƙon wankin mara don al'ada ta makara. Mai sayarwa bai tambaya ba, mai saye bai faɗa ba.

Alhali akwai magungunan da suke da haɗari ga ɗan tayi, irin su valproate na farfaɗiya da warfarin mai tsinka jini. Ko Fansidar da ake bai wa masu ciki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ba a fara shi sai a mako na 13. In kina kan maganin farfaɗiya, hawan jini ko ciwon suga, kada ki daina da kanki. Ki ga likita tun kina neman haihuwa.

Na san za a ce iyayenmu sun sha jiƙo sun haife mu lafiya. Gaskiya ne, amma ba su tarar da ƙwayoyi masu ƙarfi a kowane lungu ba. Ba kuma ina nufin kowane ɓari laifin magani ne ba. Galibin ɓarin farkon ciki daga halittar tayin yake, don haka wadda ta yi rashi kada ta zargi kanta.

Me ya kamace ki? Ki fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga. Ki riƙe ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara. Ki soma awo cikin makonni 12 na farko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016. In kika ga jini ko ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ki garzaya Babban Asibitin Wudil, kada ki jira gari ya waye.

Kai kuma maigida, in an aike ka sayen magani, ka daure ka ce: "Wataƙila tana da juna biyu." Kalmomi biyar ne, amma suna iya tsare rai. Allah Ya raba lafiya.