Daga Bakin Teku: Zufar Dare a Akanda

A wannan wata za mu taɓo maganar da ba ta barin bakin mutanenmu, tun daga Okala da Angondjé har ƙauyukan Cap Estérias, wato zufa.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san bazara. Can a watan Afrilu ma'auni yakan kai digiri 40, amma iskar busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa, ruwan randa kuma da sanyinsa. Nan kuwa da ƙyar ma'auni ke wuce 32, shi ya sa in muka koka a waya 'yan'uwa na gida suke mana dariya. Ba su san laimar iskar bakin teku takan haura kashi 80 cikin ɗari ba. Gumi ba ya bushewa, in kuwa bai bushe ba jiki ba ya hucewa. Mutum ya yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa.

Dattawanmu sun daɗe suna cewa daren da ya fi na yanzu sanyi, mu kuwa muna ɗauka tsufa ne. Ashe da gaskiyarsu. A gandun dajin Lopé, can tsakiyar ƙasar nan, masu bincike sun yi ta rubuta zafi da ruwan sama daga 1984 zuwa 2018. Da sakamako ya fito a 2020, sai aka ga zafin goshin asuba, lokacin da gari ya fi sanyi, yana ƙaruwa da rubu'in digiri duk shekara goma, ruwan sama kuma yana raguwa da milimita 75. Rubu'i kamar ba komai ba ne. To, amma akwai itatuwan da ba sa fure sai sanyin rani ya sauka ƙasa da digiri 19. Tsakanin 1986 da 2018 'ya'yan itatuwa a dajin sun ragu da kashi 81, har giwaye suka rame. In giwa ta rame, ina ga tsoho mai hawan jini a ɗakin kwano marar silin, an kuma ɗauke wuta?

Sai dai mu ma nan da hannunmu a ciki. Tun da aka gina filin ƙwallon Angondjé domin gasar Afirka ta 2012, aka kuma mai da Akanda gari mai magajinsa a 2013, gine-gine suke ta cin gefen dajin Mondah da itatuwan bakin ruwa. Mutum ya sayi fili, aikin farko ya sare mangwaro, ya malale tsakar gida da siminti. Simintin nan da kwano su sha rana, da dare su amayo mana.

Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin Maris, tsakiyar zafinmu, kowa ya ji a jikinsa. Don haka mai gini ya sa silin, ya buɗe tagogi masu fuskantar juna, ya bar wa gidan ko da itace ɗaya. Masu dako da leburori su riƙa shan ruwa tun ƙishi bai kama su ba. Tsohon da ke kwana shi kaɗai a shago kuwa, in ba a gan shi a sahun asuba ba, a je a ƙwanƙwasa.