Akokan: an rufe rami, kar mu bari a binne tarihin mutanensa



Ran 31 ga Maris 2021 anka rufe ramin uranium na Cominak a Akokan, dab da Arlit. Tun 1978 ake haƙa, an fiddo wajen ton dubu 75. Wannan lissafin ƙarfe ne, yana cikin takardu. To, mutanen da sunka riƙa sauka mita 250 ƙarƙashin ƙasa suna fiddo shi, wa ya rubuta nasu?

Kar wani ya ce zancen mutanen Agadas ne. Ku duba unguwanninmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa: akwai tsofaffin da ƙuruciyarsu ta ƙare can. Akwai direbobin kamyo da sunka sha hanyar Tawa zuwa Arlit, tunda ma'adinin namu bai taɓa samun layin dogo ba, a da a mota anka riƙa kai shi har Parakou ta Benin kafin ya hau jirgin ƙasa. Yau suna zaune bakin masallaci, ba mai tambayarsu komi. Kowace shekara muna kai wasu kushewa tare da labarinsu.

Abin haushi, Faransa da ta sha wuta da uranium ɗinmu ta adana tsofaffin garuruwan kwal na arewacinta, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2012. Mu ko, dutse ya samu ɗaki a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Mai haƙa shi fa?

Mun sani, ba komi za a ajiye ba. Tulin sharar da ta kai ton miliyan 20 dole a rufe ta da kyau, ƙarafan da sunka taɓa guba kuma bai kamata su shigo kasuwa ba. Amma hoto ba ya da guba. Katin aiki ba ya da guba. Muryar tsoho ma haka.

Don haka muna kira ga magadan gari da jami'o'in Agadas, Maraɗi, Tawa da Damagaram su tara wannan kaya, a buɗe gidan tarihin ma'aikata a Akokan.

Mu ma kar mu tsaya jiran hukuma. Duk mai uba ko kawu da ya yi aikin rami, ya ɗauki salula yau ya zauna gabansa: "Baba, yaya ranarka ta farko a ƙasa ta kasance?" Ya ɗauki muryar, ya adana.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.